Ƙafar da Ke Gwada Takalmi

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓacewa a layin masu gyare-gyare. Kowa Sai-Na-Taka yake kiransa, har matarsa ma in ya ɓata mata rai. Mai gyaran takalmi ne tun gemunsa bai fito ba, kuma rumfarsa ba ta taɓa gusawa daga inda take ba, tsakanin shagon mai gyaran agogo da na mai walda. Ba wani abin kallo a ciki. Benci ne ɗaya da ya sha zama har ya yi sheƙi, da akwatin katako, da ƙarfen nan da ake kifa takalmi a kai a buga, da gwangwanin madara cike da ƙananan ƙusoshi, sai warin gam da ke bin sa har gida.

Abin da ya jawo masa sunan, yadda yake gama aiki ne. Duk mai gyara in ya buga wa takalmi dunduniya, hannu yake zurawa ciki ya laluba ko tsinin ƙusa ya leƙo. Shi kuwa ya ce wannan aikin ganin ido ne. Hannun mai gyara ya yi kanta, in ji shi, ba abin da yake ji, ita kuma ƙusa munafuka ce, ba ta fito da kai sai ta ji nauyin mutum a kanta. Saboda haka in ya gama sai ya tuɓe silifas, ya zura ƙafarsa tsirara a takalmin, ya miƙe, ya taka zuwa bakin kwata ya dawo. Ko kana sauri, ko mota na jiranka, ba zai miƙo maka kayanka ba.

"Baba, ba ni haka nan, na makara."

"Sai na taka."

A wajen maigidan da ya koya masa sana'a ya samo halin. Tsohon ya taɓa kama shi ya bar tsini a takalmin wani, bai zage shi ba, bai dake shi ba, ya dai sa shi ya saka takalmin ya je da shi gida ya dawo. Tun daga ranar bai sake yarda da hannu ba. Allah kuma ya taimake shi da 'yar ƙaramar ƙafa siririya, wadda ke shiga kusan kowane takalmin babba. Har na mata bai bari ba. Ba abin da ke ba mai walda dariya irin ya ɗaga gilashin fuskarsa ya hango dattijo da furfura yana ƙwas-ƙwas a kan takalmi mai tsini, fuska a murtuke. A yi dariyar a gama, ba wanda ya taɓa dawo masa da aiki. Da ƙafar nan ya ciyar da gida, ya sa yara a makaranta, ya ga auren kowannensu. Ita ce jarinsa, ita ce abin alfaharinsa, kuma da ita ya yi wasa, abin da har yau in aka tuna a layin sai hira ta mutu.

Ciwon suga a hankali ya shigo masa. Ƙishirwa ba dare ba rana, fitsari kamar an buɗe famfo, wando ya fara zamewa daga ƙugu. Matarsa mace ce mai ƙarancin magana, amma in ta kafe ba mai motsa ta, ita ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya ba da ƙwayoyi, sannan ya ce akwai aji da ake yi wa sababbin masu suga, zama ɗaya kowane mako har kusan wata biyu, kowane zama da abin da ake koyarwa a cikinsa.

"Aji?" in ji Sai-Na-Taka da suka fito. "Da furfurata? Ni da na gudu daga makaranta tun ina ɗan mitsitsi, yanzu ciwo ne zai mayar da ni?"

"Za ka je, Malam," in ji ta. Iyakar abin da ta ce ke nan, ya kuwa je.

Ɗaki ne a bayan asibitin, kusa da inda ake wankin zannuwan gado, da kujerun roba a zagaye, da fanka mai kuka, da hoton farantin abinci a bango an raba shi gida-gida. Mai koyarwar malamar jinya ce da kowa ke kira Sista, sa'ar autarsa, mai saurin dariya. Mutanen ajin kuwa kowa da ra'ayinsa. Akwai wata mai sayar da yadi da ke cewa a nan an iya hana mutum abinci, amma ba wanda zai bi ka kasuwa ya ga abin da aljihu zai iya ɗauka. Akwai direban babbar mota, ƙato mai 'yar siririyar murya, wanda ya ce shi ko ba a koya masa komai ba zai riƙa zuwa, don tun da yake shiga asibiti nan ne kaɗai aka taɓa barinsa ya kai ƙarshen maganarsa. Kusa da Direba Sai-Na-Taka ya zauna ranar farko, kuma nan ya ci gaba da zama.

Maganar gaskiya ajin ya shige shi, ko da yake ba zai yarda ya faɗa a gida ba. A nan ya gane cewa shayin da yake sha da safe, wanda cokali ke kusan tsayawa a ciki, shi ke sa shi gyangyaɗi a kan aiki. A nan ya koyi cewa suga kan faɗi kamar yadda yake hawa, in ka ji rawar jiki da gumi mai sanyi ka yi maza ka jefa alewa a baki. Ya koma layi ya zama malami, yana leƙa kofin mai agogo yana girgiza kai. Ƙorafinsa ɗaya ne, kuma yana da gaskiya: da safe ake ajin, daidai lokacin da ma'aikata ke ajiye takalma a kan hanyarsu ta zuwa ofis. Wanda ya tsara lokacin nan, in ji shi, ɗan albashi ne.

Ana cikin haka, ran nan da za a tashi, Sista ta ce mako mai zuwa zaman ƙafa ne, kowa ya zo da takalmin da ya fi sawa.

Sai-Na-Taka ya gyara zama. "Ƙafa kuma? Sista, yanzu ni za a koya wa ƙafa? Tun ba a haife ki ba nake fama da ƙafafun mutane. Takalminki kawai zan duba in faɗa miki wadda kike jingina a kai in kin gaji."

"To faɗa mini, Baba."

Ya dubi dunduniyar takalminta. "Ta hagu. Kuma kina jan ta in za ki hau bene."

Aji ya tuntsire da dariya, ita ma har da riƙe ciki.

"Ai shi ke nan," in ji ta, "Baba ya fi ƙarfinmu. Kai ka riga ka gama wannan darasin."

Wasa take yi. Shi ma ya san wasa ne, amma akwai wasan da mutum kan ɗauka ya sa a aljihu saboda ranar buƙata. Makon ya zo daidai da komawar yara makaranta, takalma sun taru a rumfa har kan benci. Ya dubi tulin, ya tuna ai malamar da bakinta ta ce ya gama. Ya ce wa matarsa wannan karon ba sai ya je ba, an ɗauke masa.

Mako na gaba ya tambayi Direba abin da aka yi.

"Cewa ta yi a riƙa wanke ƙafa, a goge tsakanin yatsu, kar a yi yawo ba takalmi."

"Shi ke nan?"

"Da wasu abubuwa dai. Ta tambaye ka ma."

"Ka ji fa. Wanke ƙafa. Da yanzu na rufe rumfa don a ce mini in wanke ƙafa."

Direba ba mugu ba ne, mutum ne dai da bai iya ba da labari ba, ya kwaso ƙaiƙayi ya bar tsaba. Sista ta yi niyyar tsayar da Baban bayan zaman, sai aka kira ta ɗakin marasa lafiya, kafin ta dawo ya kama hanya. Aka gama ajin, aka ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. A ganinsa ya yi karatunsa cif, ban da darasi ɗaya da ya fi malamar sani.

Shekaru suka ɗan shuɗe. Yana shan magani in ya tuna, yana komawa asibiti in matar ta matsa. Can sai ƙafafun suka fara yi masa wani irin zafi-zafi, kamar tururuwa na yawo a tafinsu, ya yi ta ƙorafi wata da watanni. Sannan abin ya lafa, ya ɗauke gaba ɗaya. Ya yi murna ba kaɗan ba. "Kin gani ko? Magani ya karɓe ni," ya ce wa matarsa, ita ma ta yi hamdala. Ba su san suga kan cinye jijiyoyin ƙafa a hankali ba, zafin nan alamar sun fara lalacewa ce, shirun da ya biyo baya kuma ba sauƙi ba ne. An dai faɗa, a ɗakin nan mai fanka, ranar da babu kowa a kujerarsa. An ce jiki magayi, to nasa ya daina faɗa masa, shi kuma ya ci gaba da zura ƙafa a takalman mutane yana jiran ta ba shi labari.

Wadda ta fara dawo masa da aiki wata malamar makaranta ce da ta daɗe tana kawo masa gyara. Ta zo tana ɗingishi, ta ce ƙusa ta soke ta a dunduniya har ta yaga mata safa. Maganar ta yi masa ciwo fiye da zagi. A gabanta ya tuɓe silifas, ya zura ƙafar dama, ya taka zuwa bakin kwata da ƙarfi, ya dawo.

"Malama, ba komai a ciki. Lafiya lau yake."

"Baba, ni da na ji a jikina?"

"Ƙafata ba ta ƙarya. Wataƙila tsakuwa ce ta shiga miki."

Mai agogo ya karɓa don ya raba gardama, ya zura yatsa, ya zaro da sauri yana yarfe hannu. Sai-Na-Taka ya ce ai yanzu ta fito, takun da ya yi ne ya turo ta. Ya danne ta da guduma, malamar ta karɓi takalminta, ba ta sake dawowa ba. Bayanta wani mai gadi ya dawo da nasa, sai kuma wani. Ya ɗora laifin a kan ƙusoshin zamani, ya sauya mai sayar masa. Ya ɗora a kan mutanen zamani da ba su da haƙuri. Bai taɓa juya tafin ƙafarsa ya duba ba. Kullum yana wanke ta, amma daga sama yadda kowa ke yi, don ba ta yi masa ƙorafin komai ba.

Matarsa ce ta gani. Tana shara da safe ta ɗaga silifas ɗinsa, ta ga wani baƙin tabo ya bushe a wajen dunduniya. Ya ce man takalmi ne. Ta ce man takalmi ba ya kiran ƙuda. Ta sa shi ya zauna, ta ɗaga ƙafar, sai ga rami zagaye da fata mai tauri, kamar an huda da basilla an yi ta juyawa.

"Tashi mu tafi asibiti."

"A kan wannan? Ko zafi ba ya yi. Ciwon da ba ya zafi ai ba ciwo ba ne."

"Malam, rami ne fa."

"Fata ce, fata kuwa sana'ata ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Wannan karon kafewarta ba ta je ko'ina ba, don ita ma rashin zafin ya ruɗe ta. Ya yi wa ƙafar abin da zai yi wa takalmi. Ya ɗauki askarsa ta yankan fata, ya fere kantar da ke gefen ramin har ta yi sumul, yana mamakin jarumtarsa da ko motsi bai yi ba. Ya yanko soso, ya huda tsakiya, ya manna a silifas don ramin ya samu wurin zama. Aiki ne mai kyau, duk wanda ya gani sai ya yaba. In zai fita ya naɗe da tsumma, in zai gwada takalmi ya kwance, wai ƙafa mai tsumma ba ta jin ƙusa. Haka ya ci gaba da zura buɗaɗɗen ciwo a cikin gumin mutanen gari.

Wari ne ya fara tona asiri, warin da gam ya kasa rufewa. Sai kumburi ya hau idon sawu, sai zazzaɓi. Ranar da ya kasa miƙewa daga benci, mai walda ne ya cicciɓe shi ya sa a mota. Likitoci sun yi iya yinsu, sun wanke, sun kankare, sun yi ta allurai da ƙarin ruwa, amma ciwon ya riga ya kai ƙashi. Babban likitan ya zauna a bakin gadon ya ce ko ƙafa ko rai. Aka yanke ta ƙasa da gwiwa.

Yana kwance Sista ta zo. Ta ɗan yi jiki, ta rage dariya. A bakin abokan aiki ta ji wai an kawo wani mai gyaran takalmi, ta san ko wane ne tun kafin ta gan shi. Ta tsaya tana kallon inda zanen gado ya lotsa.

"Baba, ban kyauta ba. Bai kamata in biye maka ranar nan ba. Kamata ya yi in ce dole ka zo, kai ma fiye da kowa."

"Bar shi, 'yata. Ke dariya kika yi, ni na yi girman kai. Kowa da nasa." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma da kin aiko. Ko Direba ne ki ba shi magana mai nauyi. Da na zo."

Sista ta gyara masa zanen gadon. Shi kansa bai tabbata da zai zo ɗin ba, matarsa da ke zaune a gefe kuwa ta tabbata da ba zai zo ba, amma ba wanda ya ga amfanin faɗa.

Da ya warware ya koma rumfa da sanduna biyu. Layin ya karɓe shi da mutunci. Mai walda ya haɗa masa kujera mai jingina, mutane suka riƙa kawo aiki, wasu don tausayi kawai. Ya koma laluba takalmi da hannu kamar kowa, yana yi yana tsaki. Sunan ma aka fara jin nauyin kiransa, aka koma Baba kawai, wannan kuwa ya ci masa rai fiye da yankan. "In ba na takawa," ya ce wa mai agogo, "me ya raba ni da masu yawo da akwati a kan titi?"

Ran nan matarsa ta kawo masa abincin rana da wuri, ta same shi tsaye ya dogara da sanduna, ƙafar hagu tsirara a cikin takalmin wani. Ta ajiye kwanon a hankali.

"Sai-Na-Taka," in ji ta, "ɗayar ma ka gaji da ita?"

"Wannan da ranta. Ta damar ce ta mutu, wannan kuwa ina jin ta sarai. Ko rabin aikin ne, bari in yi shi yadda ya kamata."

"Wa ya ce maka da ranta?"

"Ƙafata ce."

"Waccan ma taka ce."

Suka yi ta yi har abincin ya huce. Daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya. Sista tana nan tana ajinta da sababbin mutane, za su je ranar zaman ƙafa. In ta ce ta hagun lafiya take, matar ba za ta sake sa masa baki ba. In ba haka ba, ya daina gwada takalmi da ita har abada. Ya yarda da sauri, don ko kaɗan ba ya shakka.

Ɗakin na nan yadda ya bar shi. Baƙin fuskoki ne a zagaye, suna satar kallon ƙafar wandonsa da aka naɗe aka maƙale da fil. Ya zauna ya ji darasin da kunnensa, daga farko har ƙarshe. A duba tafin ƙafa da madubi kowace safiya. A zazzage takalmi a laluba kafin a sa. Kar a kuskura a kai reza ko aska kan kanta. Ciwo komai ƙanƙantarsa a kawo shi asibiti ko ba ya zafi, musamman ma in ba ya zafi. Ba wata magana mai wuya a ciki, kuma duk bayanin bai kai tsawon buga dunduniya ga takalmi ɗaya ba. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, don kowace magana kamar sai da aka leƙa rumfarsa aka tsara ta. Matarsa na gefe, ba ta dube shi ba, shi ma bai dube ta ba.

Daga nan Sista ta ce kowa ya tuɓe takalmi. Ta fito da wani ɗan siririn zaren roba mai ɗan tauri, ta ce da shi ake gane ko jijiyoyin ƙafa na aiki, kuma a wannan zaman take yi wa kowa, kowane aji. Mutum zai rufe ido, ta dangwala masa a wurare daban-daban a tafin ƙafa, duk inda ya ji ya ce ya ji. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. "Na ji. Na ji." Wata mata har da ƙyalƙyala dariya, wai cakulkuli ake mata.

Aka zo kansa. Da kansa ya ɗora ƙafar a kan 'yar kujera, ya gyara zama irin na wanda ya san shi zai ci gardama. Ya rufe ido. Ya tattara hankalinsa duka ya kai tafin ƙafar, yadda ya saba yi in yana neman tsinin ƙusa. Ya ji ana tura keken marasa lafiya a waje. Ya ji wani ya yi tari a bayansa. Ya ji matarsa ta ja numfashi. Ya jira, ya ƙara jira, har abin ya fara ba shi haushi.

"Sista, ina jira fa. Ki fara mana."

Ba wanda ya motsa a ɗakin.

"Na gama, Baba," in ji ta.